Yadda na koma neman fayil ta ranar da aka taɓa shi

Duk wanda ya taɓa zaman shagon taifin da fotokwafi ya san kwastoma baya riƙe sunan fayil, kuma ba laifinsa bane tunda ba shi ya raɗa sunan ba. Abun da yake riƙewa lokaci ne. Zai ce maka ai cikin azumi na kawo, ko ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi, ko sati biyu kafin bikin ƙanwata, kuma in ka bincika wallahi sai ka tarar ranar da ya faɗa ita ce ko dab da ita. Mu kuma a kwamfuta da suna da folda muka jera komai, foldar makarantu, foldar furojek, foldar katin biki, wata a cikin wata, ranar da aiki ya yi yawa kuma yaro sai ya yi sebin a duk inda hannunsa ya faɗa da suna irin su "sabo" da "sabo 2" da "na malam gyararre". Shi yasa da na ji Dolphin, manhajar buɗe folda a Linux, yana da hanyar da zaka shiga fayilolinka ta kwanan wata ban ɗauki abun da wasa ba, kuma ga yadda na bi har ya zauna min, da wuraren da sai da na sa hannu na taimaka masa.

Laftof ɗin da nake aiki da ita ta hannu ce, Kubuntu 22.04 ne a kai, wani nau'in Linux mai Plasma 5.24, wato fuskar da kake gani a allo, Dolphin kuma shine manhajar da ake buɗe folda da ita a wannan tsarin. Na buɗe shi na danna Ctrl da L, wurin rubuta adireshi ya buɗe, na goge abun da ke ciki na rubuta timeline:/ na buga Enter. Ban ga fayil ko ɗaya ba, wayam. Da na duba sai na tarar Baloo a kashe yake, wanda ya ɗora min tsarin ne ya kashe shi tun farko don injin ya samu sauƙi. Baloo ɗin nan shine mai zagayawa cikin foldojinka yana rubuta sunan kowane fayil da inda yake da lokacin da aka yi masa gyara na ƙarshe, shi timeline bashi da komai nasa, duk abun da zai nuna maka wajen Baloo yake tambayowa. To in Baloo na barci ba abun da zaka gani.

Na shiga System Settings, na je Search, daga nan File Search, na kunna. A nan akwai zaɓi guda da nake ganin ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani a kai, wato ko Baloo ya tsaya ga sunayen fayiloli kawai ko kuma ya riƙa buɗe kowanne yana karanta rubutun da ke ciki. Na biyun yana da amfaninsa, zaka iya nemo takarda da kalma ɗaya da ka tuna a cikinta, amma aiki ne babba ga tsohon inji kuma ni dai kwanan wata nake nema, shi kuma baya buƙatar a karanta cikin fayil, sai na cire wannan na bar sunaye kawai. Na jira ranar da aka kawo wuta na jona caji na bar shi yana aikinsa, ina ɗan leƙawa ta taminal, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, da balooctl status, yana nuna min ko yana kan aiki ko ya huta da adadin fayilolin da ya riga ya shigar. Masu Plasma 6 wanda ya fito a Fabrairun 2024 ku balooctl6 zaku rubuta, sunan ne kawai ya ɗan canja. Duk abun da ya tattara a fayil ɗaya yake ajiyewa, ~/.local/share/baloo/index, in kana son ganin girman da ya ci maka can zaka duba.

Da ya gama na sake rubuta timeline:/ sai ga folda biyu, Today da Calendar. Na shiga Today, duk abun da muka taɓa a ranar ga shi nan birjik a wuri ɗaya, katin ɗaurin aure daga foldar kati, babi na uku na wata ɗaliba daga foldar furojek, hoton fasfo da na rage wa girma, har da wani rasit da na gyara wa kwanan wata da safe na manta dashi. Na koma Calendar sai ga watanni, na shiga wata sai ga ranaku, kuma ba duka ranakun watan yake jerowa ba sai waɗanda aka taɓa wani abu a cikinsu. Na jima ina kallon wannan jerin gaskiya, domin ranakun da babu su na san su ɗaya bayan ɗaya, ga Juma'ar da bamu buɗe ba, ga kwanakin da muka tafi ta'aziyya ƙauye, ga ranar da janareta ya ƙi tashi muka wuni ba wuta.

Abun da ya ɗan ɗaure wa yaron shagona kai shine da ya ga foldojin nan sai ya ce, Yaya to yanzu kenan komai ya zama biyu, ba zai cika mana injin ba? Na ce masa a'a zo ka gani. Na danna F4 taminal ya buɗe a ƙasan Dolphin, na gwada shiga timeline da cd, ya ce babu wannan wurin. Kuma da gaske babu, ba wata folda mai suna Calendar a cikin ma'ajiyar kwamfutar, ba a kwafi komai ba ba a matsar da komai ba, lokacin da ka danna ne ake tambayar Baloo wane fayil aka gyara ran kaza sai a jero maka amsar da siffar folda. Kamar littafin shiga na ɗakin kati ne a asibiti, katinka na can kan kanta a inda aka sa shi, littafin kawai yana gaya wa mai nema cewa ran kaza an ɗauko shi. Tsarin da ke yin wannan a manhajojin KDE, masu yin Plasma da Dolphin, sunansa KIO, shi ɗin ne dai yake nuna maka kwandon shara a trash:/ da foldojin wata kwamfutar a smb:/ kamar a injinka suke, shi yasa ma in kana cikin wata manhajarsu irin Okular ko Kate ka zo buɗe fayil zaka iya rubuta timeline:/today a wurin adireshi ya kai ka. Kuma abun ba sabo bane, tun zamanin Nepomuk yake a KDE 4, da Baloo ya maye gurbin Nepomuk a 2014 a fitowar 4.13 sai aka ɗauko shi aka ɗora a kai. Shekaru nawa kenan yana nan a zaune mutane suna wucewa ta gefensa.

A gefen hagu na Dolphin akwai Recent Files, wasu suna zaton shine, amma daban ne, shi abun da ka buɗe kwanan nan yake nunawa ko da karantawa kawai ka yi. Timeline kuma gyara yake bi, abun da aka rubuta a ciki aka yi sebin. Ni da kaina na ƙara shi a gefen, na danna dama a fili na zaɓi Add Entry na sa timeline:/today na raɗa masa "Aikin yau", na ƙara na biyu da timeline:/calendar na ce "Kalanda", don yaron ma ya riƙa shiga ba sai ya haddace adireshi ba.

Inda na ga ranarsa sosai shine zuwan wani dattijo hedimasta da muke wa taifin ɗin jarrabawa. Ya zo da yamma ya zauna a benci muka gaisa, ya ce ɗana, tambayoyin zango na uku da kuka buga mana bara nake so a ciro, malaman zasu gyara wasu su sake amfani dasu. Na ce to ranka ya daɗe, ko Malam zai tuna da wane suna aka ajiye? Ya yi dariya ya ce ni ina na san suna, ni dai na san satin da ya biyo bayan Babbar Sallah na kawo, don har naman suya na taho muku dashi a leda. Yaron ya ce ƙwarai an yi haka. Na duba foldar makarantarsu tukuna, na zango na ɗaya da na biyu suna nan daram, na uku babu.

Babbar Sallar 2023 ranar Laraba ce 28 ga Yuni, satin da ya biyo baya kenan ya fara daga Litinin 3 ga Yuli. Na shiga Kalanda sai na ga watannin shekarar da muke ciki kawai yake jerowa, na bara babu a jerin, amma wannan ba yana nufin ba a shigar dasu ba, da hannu ake kiran su. Na danna Ctrl da L na rubuta timeline:/calendar/2023-07 sai ga ranakun Yulin bara sun fito tsaf. Tsarin adireshin mai sauƙi ne, shekara da wata, in kuma rana kake so kai tsaye sai ka ƙara timeline:/calendar/2023-07/2023-07-04 haka. Na buɗe 3 ga wata babu, na buɗe 4 ga wata sai ga wasu fayiloli a jere, "lissafi p4" da "hausa p5" da "sabo 2" da wani wai "Untitled 1". Na danna Ctrl da 3 don jerin ya fito da bayanai, na danna dama a saman layin na ƙara Path don in ga ainihin inda kowanne yake kwance, ashe duk suna cikin wata folda da aka buɗe a cikin foldar katin biki, ranar an haɗa aiki biyu ne aka yi sebin a inda aka tsaya. Ko shekara zan yi ina neman jarrabawa ba zan leƙa cikin katin biki ba. Na danna dama a kan ɗaya na zaɓi Open Path ya kai ni can, ga su nan duka har da na Islamiyya da shi kansa Malam bai ambata ba. Na juya masa allon na ce Malam ko waɗannan ne? Ya gyara tabarau ya matso ya karanta tambayar farko a hankali yana bi da yatsa, ya ce su ne, Allah ya yi maka albarka. Shayin da aka kawo masa ko hucewa bai yi ba.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba, don duk wannan abun ya dogara ne ga kwanan watan da ke jikin fayil, shi kuma kwanan watan agogon kwamfutar da aka yi aikin a kanta ne ya rubuta shi, in agogon ya yi ƙarya timeline ma ƙaryar zai maimaita maka ba ruwansa. Muna da wata tsohuwar kwamfutar tebur a shagon da ba a jona ta da intanet, ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo na kan mazabod, babban allon cikin kwamfuta, CR2032, ya daɗe da mutuwa, duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo sai agogonta ya koma can wata tsohuwar shekara, yaron kuma ya saba danna F1 ya wuce ba tare da ya kula da abun da aka rubuta a allon ba. Duk aikin da aka yi a kanta aka kawo laftof ɗina sai na neme shi a watan da na san an yi in rasa, sai na tarar dashi a shekarar da ko shagon bamu buɗe ba. Na sayo batir na canja, na saita agogon, sannan na zauna da littafin rasit ɗinmu na bi muhimman ayyukan ina mayar musu da ranarsu da touch, misali touch -d "2023-07-12 11:00" sai sunan fayil ɗin, bayan na gama na buga balooctl check don Baloo ya sake dubawa ya ga canjin. Aiki ne mai cin rai ba zan ɓoye ba, kuma waɗanda babu su a littafin rasit haka na bar su don ba zan ƙirƙira musu rana ba.

Na biyu kuma kwafi. Wannan shi nafi so mutane su gane saboda shi ne ke ɓata tarihi gaba ɗaya a dare ɗaya. In ka kwafi fayil ta cikin Dolphin yana tahowa da ranarsa ta asali, in ka matsar dashi daga folda zuwa folda ma haka, amma in ta taminal ka yi da cp zalla to sabon kwafin ranar yau zai ɗauka. Ka ɗauka mutum ya sayi sabon inji ya kwashe aikin shekara biyar da cp haka kawai, shikenan duk sun zama na rana ɗaya, Kalanda zata nuna masa rana guda mai dubban fayiloli sauran kuma fayau. Maganin harafi ɗaya ne, cp -p ko cp -a, in da rsync kake aiki kuma rsync -a, sai ranakun su biyo ka. Haka abun da aka turo maka ta WhatsApp, ranar da ka sauke shi ce zata hau kansa ba ranar da mai shi ya rubuta ba, wannan kuwa a shago ma gwara haka, tunda kwastoma ranar da ya turo yake tunawa. Hotuna ne suke da gata, wanda aka ciro kai tsaye daga kyamara ko waya yana ɗauke da ranar ɗaukarsa a cikinsa, da wata manhaja mai suna exiftool zaka iya cewa a mayar da ranar fayil ɗin ta zama ita, na yi wa foldar hotunan wani bikin suna haka suka koma ranarsu.

In kana shakkar wani fayil buga stat da sunansa, zai nuna maka lokuta daban daban, na buɗewa, na gyara abun da ke ciki, da na canja bayanansa irin su izini. Na tsakiyan nan, Modify, shine timeline ke kallo. Masu Windows da Linux a inji ɗaya kuma, irin mu da CorelDRAW ya hana mu rabuwa da Windows, ku lura da awa ɗayan nan, Windows yana ɗaukar agogon mazabod a matsayin lokacin gida, Linux kuma yana ɗaukarsa a matsayin UTC, wato lokacin da duniya ke auna agogo dashi, mu kuma muna gaban UTC da awa ɗaya, to in ba intanet da zai daidaita sai aikin da ka gama dab da sha biyun dare ya faɗa wata ranar. Shi yasa in ban ga abu a ranar da aka ce ba nake leƙa ta gabanta da ta bayanta kafin in ce babu.

Filash da estanal kuma Baloo baya shigar dasu da kansa, babbar foldarka ta Home kawai yake bi sai in kai ka ƙara masa wani wuri a File Search. Ni ban ƙara ba, don filash ɗin kwastomomi shiga da fita suke yi duk wuni kuma bana son kayan mutane su shiga rajistata. In na tashi neman abu a estanal ɗin da muke ajiye tsoffin ayyuka sai in shiga cikinta in buɗe taminal in rubuta find . -type f -newermt "2023-07-03" ! -newermt "2023-07-10" ya jero min duk abun da aka gyara tsakanin ranakun nan biyu. Ya fi jinkiri tunda bin fayilolin yake ɗaya ɗaya a lokacin, kuma baka ganin hoton kowanne a gabanka kamar a Dolphin, amma baya buƙatar komai a kunne kuma ana samunsa a kowane Linux. Wanda ke kan Windows kaɗai ma ba a bar shi a baya ba, a akwatin nema na File Explorer ya rubuta datemodified: ya biyo shi da rana ko tsakanin ranaku, sai dai ba a jera masa su wata wata rana rana yadda zai yi ta shiga yana fita ba, ni kuma wannan shiga da fitan shine ya fi min, don sau da yawa ban san takamaiman me nake nema ba sai na gan shi.

Abu biyu na ja wa yaron kunne a kai kafin in bar shi ya riƙa shiga shi kaɗai. Na farko, foldar ce ba ta gaske ba amma fayilolin ciki na gaske ne, in ka goge wani a cikin Kalanda da tunanin ai jeri ne kawai to ainihin aikin mutum ka jefa kwandon shara. Na biyu, kowane fayil rana ɗaya tak yake da ita a nan, ta gyaran ƙarshe. Tambayoyin Malam ɗin nan da zan buɗe su in ƙara ko waƙafi ɗaya in yi sebin, take zasu bar 4 ga Yulin 2023 su dawo cikin Today, kuma ba abun da zai rage a can da zai nuna sun taɓa zama. Timeline baya ajiye tsohon kwafi, ba madadin ajiyar kariya bane. Don haka yanzu ƙa'idar shagon ita ce duk tsohon aikin da za a gyara sai an kwafe shi tukuna zuwa foldar mai shi, a sa wa kwafin suna da shekarar bana, a kan kwafin za a yi gyara, na asalin a bar shi yadda yake da ranarsa. Haka muka yi wa na makarantar, na buɗe musu folda a inda ya dace na kwashe na bara na kai can ta cikin Dolphin, na koma 2023-07-04 na duba suna nan basu motsa ba sai Path ɗinsu da ya canja, sannan muka fara shigar da gyaran malaman a kan sababbin.